Yadda ake daidaita agogon sabar ta hanyar intanet

Kowace sabar, wato kwamfutar da ke yi wa wasu na'urori hidima ta hanyar sadarwa, tana da agogo biyu, kuma babu wanda za a dogara da shi a cikinsu idan an bar shi shi kaɗai. Na farko yana jikin babban allon na'urar, yana aiki da ɗan batir mai kama da kwabo, yawanci samfurin CR2032, kuma shi ne yake ci gaba da ƙirga lokaci idan an kashe kwamfuta. Na biyu yana cikin tsarin da ke tafiyar da ita, Linux ne ko Windows. Da zarar an kunna na'ura sai na biyun ya karɓi lokaci daga na farko, daga nan ya ci gaba da nasa lissafin. Dukkansu sun dogara ne ga 'yar ƙwayar dutsen kwatz da ke kaɗawa idan lantarki ya ratsa ta, kuma ba a taɓa yanka ƙwayoyi biyu da saurin kaɗawarsu ya zo daidai wa daida ba.

Ana auna wannan kuskure da kashi cikin miliyan. Agogon da ya karkace da kashi 1 cikin miliyan yana yin gaba ko baya da sakan 0.0864 a kowace rana, wanda ya karkace da kashi 20 kuwa yana kaucewa da kusan sakan 1.7 a rana, wato kusan sakan 52 a wata, fiye da minti 10 a shekara. Irin wannan karkata ba alamar lalacewa ba ce, haka na'urori masu lafiya suke. Abin da ya fi wahalar da lissafi shi ne saurin ba ya tsayawa wuri guda, domin zafi yana canza shi. Sabar da ke ɗakin da na'urar sanyaya iska take mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta, ta dawo idan an tayar da janareto, agogonta yana da gudu ɗaya da rana, wani gudun dabam da dare. Saboda haka gyara agogo da hannu, ko ta umarnin da ake gudanarwa sau ɗaya a rana, ba ya maganin komai. Abin da ake bukata shi ne manhajar da za ta zauna tana auna saurin agogon a kowane lokaci, tana rage shi ko ƙara shi kaɗan-kaɗan, ta yadda ba zai samu damar kaucewa ba tun farko.

Ɓarnar karkataccen agogo ba ta cika zuwa da sunan agogo ba, shi ya sa ake daɗewa ana neman matsalar a wani wuri. Tsarin Kerberos, wanda Active Directory, tsarin Microsoft na kula da asusun masu amfani da kwamfutocin ofis, yake amfani da shi wajen tantance masu shiga, yana ƙin karɓar kwamfutar da agogonta ya saɓa da fiye da minti 5. Lambobin sirri masu canzawa na manhajojin tantancewa a waya suna sabuntawa ne duk sakan 30, don haka sabar da ta yi baya da minti biyu za ta riƙa cewa lambar da aka shigar ba daidai ba ce alhali daidai take. Takardun shaidar tsaro na shafukan intanet suna da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma na'urar da batirin agogonta ya mutu ta koma wata tsohuwar shekara za ta ɗauki dukkansu a matsayin waɗanda lokacinsu bai yi ba. Ma'ajiyar S3 ta Amazon tana watsi da buƙatar da lokacinta ya kauce da fiye da minti 15. Ranar da aka yi kutse kuma, aka tattaro rajistar ayyuka ta sabobi uku don a gano abin da ya fara faruwa, idan agogunansu ba su jitu ba, babu mai iya jera abubuwan yadda suka auku.

Yadda NTP take aiki

Ƙa'idar da ake amfani da ita wajen wannan aiki ita ce NTP, wadda Farfesa David Mills, da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Delaware ta Amurka, ya ƙirƙira. An fara wallafa ta a 1985, sigar da ake kai yanzu ita ce ta 4 da aka wallafa a 2010, shi kuma Mills ya rasu a watan Janairun 2024. Saƙonninta suna bi ta ƙofa mai lamba 123 ta tsarin UDP, kuma yana da kyau a riƙe wannan lamba, domin yawancin matsalolin da za a haɗu da su suna ƙarewa ne a bakinta.

An tsara majiyoyin lokaci mataki-mataki. A can sama akwai agogunan atam da na'urorin karɓar saƙon GPS, waɗanda ake kira mataki na 0. Sabar da aka jona kai tsaye da irinsu ita ce mataki na 1, wadda take karɓa daga gare ta mataki na 2, haka dai har zuwa 15, lamba 16 kuma tana nufin agogon bai daidaita da kowa ba. Mutane da yawa suna ɗaukan cewa ƙaramar lamba ita ce inganci, su dinga farautar sabobin mataki na 1. Wannan kuskure ne, domin sabar mataki na 3 da ke kusa, mai hanya lafiyayya, ta fi ta mataki na 1 da ke wata nahiya amfani.

Dalilin haka yana cikin lissafin kansa. A ce sabarka ta aika tambaya da ƙarfe 10:00:00.000 a agogonta. Majiyar ta karɓa da 10:00:00.250 a nata agogon, ta mayar da amsa da 10:00:00.251, amsar ta iso gare ka da 10:00:00.101 a naka agogon. Daga tashi zuwa dawowa an ci milisakan 101 (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), an yi 1 a hannun majiyar, saboda haka hanya ta ci 100. NTP tana ɗauka cewa zuwa ya ci rabi, dawowa rabi, wato 50 kowanne. Ke nan lokacin da tambayar ta isa, agogonka yana nuna .050 yayin da na majiyar yake nuna .250, sai ta yanke cewa kana baya da milisakan 200. Duk ginin yana tsaye ne a kan wannan zato na cewa zuwa da dawowa tsawonsu ɗaya. Idan hanyar zuwa ta cunkushe ta dawowa kuwa babu kowa a kanta, abin da yake yawan faruwa a layin tauraron ɗan Adam da layin wayar salula, lissafin zai iya kaucewa har da rabin jinkirin gaba ɗaya, kuma babu dabarar da za ta gano hakan daga saƙonnin kaɗai. Gajeriyar hanya ita ce take rage girman wannan kuskure. A intanet na gama-gari ana samun daidaito na 'yan milisakan zuwa 'yan gomomi, a cikin gida kuwa ana iya sauka ƙasa da milisakan ɗaya.

Zaɓen majiyoyi

Adadin majiyoyi ya fi matakinsu muhimmanci, kuma abin yana kama da shaidu a gaban alƙali. Shaida ɗaya, duk abin da ya faɗa shi za a ɗauka, ko da ƙarya ce. Biyu idan suka saɓa babu hanyar sanin mai gaskiya. Uku suna ba da damar bin masu rinjaye, amma da ɗaya ya ɓace an koma matsalar biyu. Shi ya sa ake ba da shawarar huɗu ko fiye.

Hanya mafi sauƙi ta samun su ita ce taskar pool.ntp.org, wadda aka fara a 2003, inda dubban masu sa kai suke ba da sabobinsu kyauta. Sunan yana juyawa ne, duk lokacin da aka tambaye shi sai ya bayar da adireshi na wasu sabobin. Yana da rassa na nahiyoyi da ƙasashe, kamar africa.pool.ntp.org da ng.pool.ntp.org. Sai dai sabobin da ke Afirka ba su kai na Turai yawa ba ko kusa, kuma kusanci a taswira ba shi ne kusanci a waya ba: saƙon da ya tashi daga Najeriya zuwa wata ƙasar Afirka yana iya bi ta Landan kafin ya isa. Don haka kada a yanke hukunci da sunan reshe, a gwada a ga jinkirin kowace majiya a zahiri. Ban da taskar, akwai time.cloudflare.com da time.google.com, amma akwai sharaɗi a kan na Google da za a zo gare shi a gaba.

Tun da kyauta ake bayarwa, akwai ladabin karɓa. A 2003 kamfanin Netgear ya fitar da na'urorin raba intanet da aka dasa wa adireshin sabar lokaci ta Jami'ar Wisconsin a cikinsu, dubban ɗaruruwansu suka riƙa yi mata ruwan tambayoyi, har abin ya zama babbar matsala ga layin jami'ar. Darasin ya shafi ƙananan ofisoshi ma: idan kana da kwamfutoci hamsin, bai dace kowacce ta fita waje neman lokaci ba, kuma bai dace a rage tazarar tambaya ƙasa da yadda manhaja ta zo da ita ba.

Girka chrony da saita ta

A Linux akwai manhajoji uku da aka fi sani. Tsohuwar ntpd ita ce ta asali. Sai systemd-timesyncd, wadda take zuwa a kunne a sigogin Ubuntu da Debian da dama. Mai sauƙi ce, tana magana da majiya ɗaya a lokaci guda, ba ta kwatanta majiyoyi ta fitar da mai ƙarya, kuma ba ta iya ba wasu lokaci. Ta isa kwamfutar tebur, amma ba ita ce ta dace da sabar da ake ajiye kuɗi ko bayanan jama'a a kanta ba. Ta uku ita ce chrony, wadda kamfanin Red Hat ya mayar ta zama zaɓinsa tun daga siga ta 7 ta Linux ɗinsa mai suna RHEL. Ita ce shawarata, musamman inda intanet yake yankewa kuma zafin ɗaki yake hawa da sauka, domin tana saurin kama daidai bayan an kunna, tana saurin bin canjin gudun agogo, kuma ba ta rikicewa idan majiyoyi sun ɓace na wasu awoyi.

Kafin komai a duba halin da ake ciki da umarnin `timedatectl`. Zai nuna yankin lokaci, ya nuna ko agogon ya daidaita, ya kuma nuna ko agogon allo yana bin lokacin gida ne. A nan ne ya kamata a raba abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. NTP ba ruwanta da yankin lokaci, da UTC kaɗai take aiki, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, yankin kuwa ado ne da ake ɗorawa lokacin nuna wa mutum. Idan sabar tana nuna bambancin awa ɗaya cif, kusan kullum yankin ne ba daidai ba, kuma wanda ya gyara wannan ta hanyar tura agogo gaba da awa ɗaya ya lalata lokacin gaskiya ne don ya gyara na gani. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaban UTC da awa 1, Ghana tana kan UTC daidai, Sudan tana gaba da awa 2, ƙasashen Turai kuma da ake yawan hayar sabobi a cikinsu suna canza agogo sau biyu a shekara. Mafi kwanciyar hankali shi ne a bar dukkan sabobi a kan UTC da umarnin `timedatectl set-timezone UTC`, manhajar da mutane suke gani ita ta juya musu zuwa lokacin garinsu.

A Debian da Ubuntu ana girkawa da `apt install chrony`, a dangin Red Hat kuma da `dnf install chrony`. Fayil ɗin saiti yana /etc/chrony/chrony.conf a na farko, /etc/chrony.conf a na biyu. Dole ne a tabbatar manhajar lokaci ɗaya tak take aiki, domin biyu idan suka haɗu kowacce za ta riƙa warware gyaran ɗayar. Girka chrony a Ubuntu yakan kawar da systemd-timesyncd da kansa, amma duba bai ɓaci ba. Saitin da ya ishi yawancin sabobi gajere ne:

```
pool pool.ntp.org iburst maxsources 4
server time.cloudflare.com iburst nts
driftfile /var/lib/chrony/drift
makestep 1.0 3
rtcsync
```

Layin farko yana ɗauko majiyoyi huɗu daga taska, kuma idan ɗaya ta daina amsawa chrony za ta nemi madadinta. Kalmar `iburst` tana sa a aika 'yan tambayoyi a jere da zarar an tashi, domin a daidaita cikin sakanni maimakon mintuna; bayan haka tazarar tambaya tana kaiwa da komowa tsakanin sakan 64 da 1024. Layi na uku shi ne inda chrony take rubuta saurin karkatar agogon da ta koya, saboda in an sake kunna na'ura ta fara gyara tun kafin ta ji daga kowa. Sunan wannan fayil ya ɗan bambanta a Debian, don haka a bar shi yadda aka same shi. Shi kuma `rtcsync` yana sa a riƙa kwafe lokacin da ya daidaita zuwa agogon allo duk minti 11, abin da yake da amfani ƙwarai a inda wuta take ɗaukewa ba shiri.

Layi na huɗu ne ya cancanci a tsaya a kansa. Hanya biyu ake gyara agogo: ko a sa shi ya yi tsalle zuwa lokacin da ya dace, ko a ƙara masa gudu ko a rage har ya cimma daidai ba tare da ya tsallake ko ya maimaita sakan ko ɗaya ba. Tsalle zuwa gaba yana iya sa ayyukan da aka tsara su wuce ba a yi su ba. Tsalle zuwa baya ya fi muni, domin sakan ɗin da ya wuce yana sake dawowa: rumbun bayanai zai iya rubuta ciniki na biyu da lokacin da ya riga na farko, aikin da aka riga aka yi zai iya maimaituwa, manhajar da take auna tsawon wani aiki ta samu amsa ƙasa da sifili. Abin da `makestep 1.0 3` yake cewa shi ne an yarda a yi tsalle idan kuskuren ya wuce sakan 1, amma a gyare-gyare uku na farko bayan tashin chrony kaɗai, lokacin da ake sa ran manyan manhajoji ba su fara aiki ba. Daga nan sai gyaran sannu. Iyakar saurin wannan gyara a chrony kashi 1 cikin 12 ne, wato kuskuren minti 1 zai ci aƙalla minti 12, ita kuwa ntpd ba ta wuce kashi 500 cikin miliyan, inda sakan 1 kaɗai yake cin sakan 2,000.

Bayan an adana fayil, a sake tayar da manhajar da `systemctl restart chrony` a Debian da Ubuntu, ko `systemctl restart chronyd` a Red Hat, sannan a tabbatar da `systemctl enable` cewa za ta tashi da kanta duk lokacin da aka kunna.

Tabbatar da cewa tana aiki

Ganin manhaja a kunne ba hujja ba ce cewa agogo ya daidaita. Sabobi da yawa suna shekara chrony tana gudana a cikinsu ba ta taɓa samun amsa ko ɗaya ba, saboda katangar tsaro (firewall), mai tace saƙonnin shiga da fita, ta toshe ƙofa 123. Umarnin `chronyc sources` shi ne yake fallasa haka. Ga misalin irin abin da yake nunawa:

```
MS Name/IP address   Stratum Poll Reach LastRx Last sample
^* 192.0.2.10              2    6   377     35   +412us
^+ 192.0.2.44              2    6   377     33  -1210us
^- 198.51.100.7            3    6   377     36    +18ms
^? 203.0.113.9             0    6     0      -     +0ns
```

Alamar tauraro tana kan majiyar da aka zaɓa. Alamar tarawa tana nufin ana haɗa awon wannan majiya da na zaɓaɓɓiyar, alamar ɗebewa tana nufin lafiyarta lau amma ba a haɗa ta ba, alamar tambaya kuma tana nufin ba a samunta ko ba a tara awo isasshe daga gare ta ba. Harafin x idan ya bayyana, sauran majiyoyi ne suka ƙaryata wannan. Lambar 377 tana rikita masu farawa: an rubuta ta ne a lissafin tushe takwas, kuma ma'anarta ita ce tambayoyi takwas na baya-bayan nan duk an amsa su. Idan ta zama 376, ta ƙarshe ce ba a amsa ba, idan kuma 0 ce, babu abin da yake isowa. A mintunan farko bayan tashi za a ga tana hawa daga 1 zuwa 3, 7, 17, har ta cika, wannan ba matsala ba ce.

Idan duk layukan alamar tambaya ce da 0, a fara da abu biyu: ko sabar tana iya fassara sunaye zuwa adireshi, da kuma ko an bar saƙon UDP ya fita ta ƙofa 123 amsarsa ta dawo. Wasu kamfanonin intanet suna toshe wannan ƙofa daga wajensu, kuma a irin wannan hali sai a tambaye su adireshin tasu sabar lokacin. Umarnin `chronyd -Q 'pool pool.ntp.org iburst'` yana auna kuskuren ya faɗa ba tare da ya taɓa agogo ba, don haka ana iya gwaji da shi ko a sabar da take cikin aiki.

Umarni na biyu shi ne `chronyc tracking`. Layin System time yana nuna ragowar kuskuren da ake kan gyarawa, Frequency yana nuna karkatar agogon na asali da kashi cikin miliyan, Leap status kuma ya kamata ya ce Normal. Wanda yake son sanin iyakar kuskuren da zai yiwu, sai ya haɗa System time da Root dispersion da rabin Root delay. Wannan jimla ita ce amsar gaskiya idan mai binciken asusu ya tambayi yadda agogon yake da inganci.

Sabar da aka samu ta riga ta yi nisa

Idan an gaji sabar da ta kauce da mintuna masu yawa kuma tana ɗauke da rumbun bayanai, kada a yi gaggawar buga `chronyc makestep`, duk da cewa yana gyarawa nan take. A fara duba ko gaba take ko baya. Idan kuskuren na 'yan mintuna ne kuma babu abin da ya tsaya saboda shi, a bar gyaran sannu ya yi aikinsa, sai dai a tuna cewa sake tayar da chrony yana sake buɗe damar tsalle uku na farko, don haka a cire layin `makestep` na ɗan lokaci kafin a tayar. Idan kuwa awoyi ne, a nemi lokacin da babu masu aiki, a tsayar da rumbun bayanai da ayyukan da aka tsara, a yi tsallen, a rubuta lokacin cikin agogon allo da `hwclock --systohc`, sannan a tayar da su. Agogon da yake gaba shi ne mai haɗari, tun da gyaransa komawa baya ne. Akwai tsare-tsaren da sai an jira lokacin gaskiya ya wuce na rubutu na ƙarshe kafin a kunna su lafiya. Sabar kuma da take dawowa da tsohuwar shekara duk lokacin da wuta ta ɗauke, batirinta ne ya mutu, a canza shi.

Raba lokaci a cikin gida

A ofis ko cibiyar da ke da na'urori da yawa, a ware sabobi biyu ko uku su riƙa fita waje, sauran su karɓa daga gare su. A kan waɗanda aka ware ana ƙara layi kamar `allow 192.168.10.0/24`, a buɗe musu ƙofa 123 ga na cikin gida kaɗai. Ƙara `local stratum 10` yana sa sabar ta ci gaba da ba da lokaci ko intanet ya yanke, ta yadda na'urorin gida za su kasance a kan agogo ɗaya ko da ya ɗan kauce daga na duniya, wanda sau da yawa shi ne abin da ya fi muhimmanci. Kada a manta da kyamarorin tsaro da na'urorin ɗaukar zanen yatsa na ma'aikata da na'urorin raba layi, domin galibinsu suna da gurbin sa adireshin NTP, kuma su ne ake komawa gare su ranar da aka samu jayayya.

Taƙaita masu tambaya ba ƙyashi ba ne. A ƙarshen 2013 da farkon 2014 an yi amfani da tsofaffin sabobin ntpd da aka bari a buɗe wajen kai hare-haren cunkoso, ta hanyar wani umarni mai suna monlist da ke mayar da amsa mai girma ga ƙaramar tambaya. A watan Fabrairun 2014 Cloudflare ta ba da rahoton harin da ya kai kusan gigabit 400 a sakan. Ita chrony ba ta amsa wa kowa sai an rubuta `allow`. Akwai kuma haɗari ta ɗaya ɓangaren: NTP ta asali ba ta tantance mai ba da amsa, saboda haka wanda ya tsaya a tsakiyar hanya zai iya ba ka lokacin ƙarya. Maganin wannan shi ne NTS, wadda aka wallafa a 2020 kuma chrony ta fara goyon bayanta daga siga ta 4.0. Ita ce kalmar `nts` da ke layi na biyu na saitin da ya gabata. Tana bukatar a bar ƙofa 4460 ta TCP ta fita, kuma `chronyc authdata` yana nuna ko ta kama. Tun da NTS ta dogara ga takardar shaida mai kwanan wata, na'urar da ta tashi da tsohuwar shekara za ta kasa tantancewa. Layin `nocerttimecheck 1` yana ɗage duban kwanan watan a gyaran farko kaɗai.

Wanda ba shi da intanet mai ƙarfi zai iya jona na'urar GPS mai fitar da bugu ɗaya a kowane sakan ya zama mataki na 1 da kansa. Amma ko ita kada a bar ta ita kaɗai: wani kuskure a wasu sigogin manhajar gpsd ya sa a ranar 24 ga Oktoban 2021 na'urorin da ba a sabunta ba suka koma baya da makonni 1,024, zuwa watan Maris na 2002.

Sakan na ƙari da sabobin haya

Juyawar duniya ba ta tafiya daidai da agogon atam, don haka tun 1972 ake saka sakan ɗaya na ƙari a UTC lokaci-lokaci. An yi haka sau 27, na ƙarshe a daren 31 ga Disamban 2016. Wanda aka saka a ƙarshen Yunin 2012 ya tayar da wani kuskure a Linux da ya durƙusar da shafuka irin su Reddit, na 2016 kuma ya taɓa wani sashe na aikin fassara sunaye na Cloudflare. Google da Amazon sun zaɓi su narkar da wannan sakan a cikin awa 24, daga tsakar rana zuwa tsakar rana, maimakon su saka shi gaba ɗaya. A wannan rana sabobinsu suna saɓa wa na taska da abin da ya kai rabin sakan. Wannan ne sharaɗin da aka ambata: ko a ɗauki majiyoyi masu narkarwa zalla, ko marasa narkarwa zalla, kada a gauraya. Babban taron awo na duniya ya yanke a watan Nuwamban 2022 cewa za a daina wannan ƙari nan da 2035, amma kafin nan ƙa'idar tana nan.

Sabar da aka yi haya a gajimare, wato a cibiyar kamfanin da ke bayar da hayar sabobi ta intanet, ta fi dacewa da majiyar mai gidan, domin ita ce mafi kusa. A Amazon adireshin shi ne 169.254.169.123, a Google kuma metadata.google.internal. Kwantenonin Docker, wato keɓantattun muhallan da ake gudanar da manhajoji a cikin na'ura ɗaya, ba su da agogon kansu, na uwar na'urar suke karantawa, don haka ita za a gyara. A Windows, `w32tm /query /status` yana nuna majiya da lokacin daidaitawa na ƙarshe. A tsarin Active Directory sabar da ke riƙe da matsayin PDC, wato jagorar sabobin da ke kula da tsarin, a babban yanki ita kaɗai ake nuna wa majiyar waje, sauran duka suna bin ta.

Abin da ya rage shi ne sa ido. A ƙara awon agogo cikin tsarin da yake lura da faifai da ƙwaƙwalwar sabobi, ya yi ƙara idan kuskure ya wuce iyakar da aikin zai jure, misali milisakan 100 ga sabar ofis, ko idan Leap status ya koma Not synchronised, ko idan majiyoyin da ke amsawa suka ragu ƙasa da uku. Umarnin `chronyc -c tracking` yana fitar da alƙaluman a jere da waƙafi tsakaninsu, yadda manhajar sa ido za ta karanta kai tsaye. Bayan duk wani canji a katangar tsaro ko sauya kamfanin intanet, a sake buga `chronyc sources` a ga lambar 377 ta dawo a kan majiyoyin.